GIDAN RUWA NA TITIN KAKAWA: LABARIN DA ROCHA DA ABIN DA YA SHAFE MU MAZAUNA IKKO



 Yau ba zancen kasuwa na zo da shi ba, ba kuma na tsadar kuɗin mota zuwa gida ba, duk da na san shi ne ke ci wa kowa tuwo a ƙwarya. Labarin wani tsohon gida zan ba ku, gidan da da yawa daga cikinmu mun sha giftawa ta gabansa a cikin Ikko ba tare da mun ɗaga kai mun dube shi ba. Ni ba malamin tarihi ba ne, iyakata sakandare, sai dai ina da son bin diddigin abu idan ya tsaya mini a rai. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni har ƙarshe, domin maganar za ta faro daga ƙasar Birazil ne, amma a ƙofar ɗakinmu na haya za ta ƙare.

YADDA NA FARA JIN SUNAN

Mahaifina ɗan kasuwa ne, shadda da huluna yake sayarwa a wajajen Idumota, mu kuma a Agege muke zaune, a nan aka haife ni. Ana gab da Babbar Sallah wata shekara, sai ga wata dattijuwa Bayarbiya, tsohuwar mai ciniki da Baba, ta zo sayen shadda. Da Baba ya faɗa mata kuɗin, sai ta dafa ƙirji ta yi dariya ta ce, "Haba Alhaji, ce maka aka yi ni 'yar Da Rocha ce?" Aka yi raha, aka daidaita, ta biya ta tafi.

Bayan tafiyarta na ce, "Baba, wane ne wannan Da Rocha ɗin?" Ya ce, "Wani attajirinsu ne na zamanin da. Ba ka ji mu ma in yaro ya cika almubazzaranci sai mu ce masa sai ka ce ɗan Ɗantata ba? To haka su ma." Iyakar abin da Baba ya sani ke nan, alhali ya haura shekara talatin yana kasuwanci a wurin da bai fi tafiyar minti ashirin a ƙafa zuwa gidan mutumin ba.

Gidan yana lamba 12 a titin Kakawa, kusa da titin Broad inda 'yan uwanmu 'yan canji ke hada-hada. Sunansa Water House, wato Gidan Ruwa. Bene ne hawa ɗaya, mai tagogi a jere da ado a gefensu, irin ginin da ake kira na 'yan Birazil. A yau dogayen benaye sun kewaye unguwar har ya zama kamar ƙaramin yaro a tsakiyar manya, amma a zamaninsa yana cikin gidajen da ake nunawa da yatsa a garin. A cikinsa Candido da Rocha ya zauna, mutumin da ya sayar da ruwa, ya ba da bashi, ya kuma kafa banki tun kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914.

DAGA ILESHA ZUWA BAHIYA, DAGA BAHIYA ZUWA IKKO

Asalin gidan nan bauta ce. Mahaifin Candido, wanda sunansa na Yarbanci Esan, mutumin ƙasar Ijesha ne. An kama shi yana yaro ɗan kimanin shekara goma, a wajajen 1840, lokacin da yaƙe-yaƙe suka dagula ƙasar Yarbawa bayan rushewar daular Oyo. Aka sayar da shi, aka tsallaka teku da shi zuwa Bahiya ta ƙasar Birazil, inda ya sami sunan João da Rocha. Can ya girma, ya fanshi kansa, ya yi aure, kuma can aka haifi Candido a 1860. A shekarun 1870 ya kwaso iyalinsa ya dawo Ikko, tun kafin Birazil ta soke bauta kwata-kwata a 1888.

A nan akwai abin da ya kamata kowane Bahaushe ya sani, wanda ba a koya mana a makaranta ba. Wannan Bahiya da aka kai Esan, an kai kakanninmu ma. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa sun jefa mutane da dama a hannun masu fataucin bayi, aka gangaro da su Kurmi, aka loda su a jiragen ruwa daga Ikko da Badagiri da sauran tashoshi. Hausawa ne suka jagoranci yunƙurin tawayen bayi a Bahiya a 1807, suna kuma cikin na 1809 da na 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, bayi da 'yantattu Musulmi suka yi babban boren da ake kira na Male a birnin Salbado. Yarbawa suka fi yawa a cikinsa, amma akwai Hausawa, kuma an tsinci layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bayan wannan bore ne hukuma ta tsananta wa 'yantattun baƙaƙe, ta kori wasu, wasu kuma suka tara kuɗi suka biya jirgi da kansu suka dawo Afirka ta Yamma.

Waɗanda suka sauka a Ikko su ake kira Aguda, unguwarsu kuma Popo Aguda, wato wajajen dandalin Campos da titunan Bamgbose da Tokunbo da Kakawa. Sun dawo da sunaye irin su da Silva da Pereira da Martins, sun dawo da harshen Fotugal, sun dawo da abincinsu, kamar wake da madarar kwakwa da suke dafawa ranar Juma'ar Ista. Abin da ya fi duka, sun dawo da sana'a a hannu: magina ne, kafintoci ne, maƙera ne, teloli ne. Akasarinsu 'yan Katolika ne, irin gidan Da Rocha, amma akwai Musulmi a cikinsu. Duk wanda ya taɓa yin salla a masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins, to ya shiga ginin Aguda, domin João Baptista da Costa ne ya jagoranci aikinsa, aka buɗe shi a 1894.

Abin lura shi ne, mutanen nan baƙi ne a Ikko kamar yadda muke baƙi. Esan ba ɗan Ikko ba ne, Ilesha tana can cikin ƙasa. Ɗansa kuwa ko a nahiyar ma ba a haife shi ba. Amma da suka iso, sai suka nemi fili suka kafa tubali. Esan ne ya gina gidan titin Kakawa a ƙarshen ƙarni na 19, ya kuma sa ɗansa a makarantar CMS, wadda aka kafa a 1859, ita ce sakandare mafi daɗewa a Nijeriya. Da ya rasu, gidan ya koma hannun Candido.

ME YA SA AKE KIRAN SA GIDAN RUWA?

Wanda bai san Ikko ba zai yi mamakin a ce garin da ruwa ya kewaye ta ko'ina yana fama da ƙishirwa. Amma mu da ke zaune mun sani. Ruwan teku gishiri ne, na gulbin da ya raba tsibirin da sauran gari ma ba ya shawuwa, rijiyoyin cikin gari kuwa a wancan zamani gajeru ne, ƙazanta na malala cikinsu, shi ya sa ciwon ciki da atini suka addabi mutane. A irin wannan hali ne gidan Da Rocha ya kasance da rijiya mai kyau wadda aka sa wa famfon ƙarfe, mutane suna zuwa suna biya suna ɗiba. Daga nan sunan ya samo asali.

Gwamnatin Turawa ba ta kawo ruwan famfo ba sai a 1915, lokacin da Gwamna Lugga ya buɗe madatsar ruwa ta Iju, can bayan Agege ɗinmu. Shi ma bai zo da sauƙi ba. Tun a 1908 da aka fara maganar ɗora wa jama'a harajin ruwa don biyan kuɗin aikin, mutanen Ikko suka yi bore, suna cewa Turawan da ke buƙatar famfo su biya da kansu. A shekarar ne Dokta John Randle da Dokta Orisadipe Obasa suka kafa ƙungiyar People's Union don yaƙar harajin, kuma a 1916 rikicin ya sake tashi har aka yi jefe-jefe. Ka ga ke nan ruwa ba ƙaramin abu ba ne a siyasa da arzikin garin nan, kuma wanda ke da rijiya mai kyau a tsakiyar gari kafin 1915, yana zaune ne a kan abin da kowa ke nema safe da yamma.

Sunan gidan ya ma tsallaka teku ya koma inda aka fito. Wani marubucin Birazil mai suna Antonio Olinto, wanda ya yi aiki a ofishin jakadancin ƙasarsu a Legas, ya wallafa littafin ƙagaggen labari a 1969 a kan Aguda da suka dawo, ya sa masa suna A Casa da Água, ma'ana Gidan Ruwa.

DAGA RIJIYA ZUWA BANKI

Candido bai tsaya a ruwa ba. Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na zinariya. An ce a 1894 wani Bature mai haƙar zinariya yana gaggawar komawa Ingila, yana neman wanda zai sayi sandunan zinariyarsa a kan fam 6,000. Candido ba shi da kuɗin a hannu, sai ya je banki ya ranto, ya saya, ya yayyanka ta ƙanana ya riƙa sayar wa maƙeran zinariya na gari, ya ci riba mai yawa. Bankin da ake magana shi ne Bank of British West Africa, wanda aka kafa a wannan shekara ta 1894, shi ne kuma ya rikiɗe ya zama First Bank na yau.

Abin da nake so mai karatu ya tsaya ya duba a labarin nan shi ne, me ya sa bankin Turawa ya yarda ya ba baƙar fata irin wannan kuɗi? Babban kukan 'yan kasuwar Afirka a wancan zamani shi ne bankunan Turawa suna karɓar ajiyarsu amma ba sa ba su rance, sai kamfanonin 'yan uwansu Turawa. Wanda ake saurara shi ne mai abin jingina, wato mai fili da gida a rubuce. Gidan da Esan ya gina da guminsa na 'yantaccen bawa, wataƙila shi ya ba ɗansa fuskar shiga banki a saurare shi.

A 1907 Candido ya haɗa hannu da wasu attajirai biyu, J. H. Doherty da Sedu Williams, suka kafa Lagos Native Bank, wato bankin 'yan ƙasa, suna ba mutanen gari rance. Daga baya ya ci gaba da harkar shi kaɗai da sunan Lagos Finance Company. Wani abokina da na ba labarin ya yi dariya ya ce ashe mutumin ta hanya biyu ya ci kuɗin ruwa, na rijiya da na bashi. Gaskiya ne, rance da ruwa yake bayarwa, kuma wannan ɓangare ba abin koyi ba ne ga Musulmi. Ba shi nake tallatawa ba.

Bankin nasu bai kai zamaninmu ba, kuma ba shi kaɗai ba ne. Industrial and Commercial Bank da aka buɗe a 1929 ya durƙushe cikin kamar shekara guda. Nigerian Mercantile Bank na 1931 ya rufe a 1936. Wanda ya fara yin ƙarko shi ne National Bank of Nigeria na 1933, kuma cikin waɗanda suka kafa shi akwai T. A. Doherty, ɗan wancan Doherty abokin Da Rocha. Sai a 1952 aka yi dokar farko ta tsara harkar banki, bayan mutane da yawa sun yi asarar ajiyarsu. Candido ya ga duk wannan da idonsa, domin Allah Ya ba shi tsawon rai. Ya rasu a watan Maris na 1959 yana gab da cika shekara ɗari, 'yan watanni kafin Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yulin shekarar.

Yana da wasu kadarorin ban da wannan gida. Otal ɗinsa mai suna Bonanza ma ya shiga tarihi, domin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sojoji suka karɓe ɗakunan kwanan ɗaliban King's College, can aka mayar da ɗaliban. Rashin jin daɗin zaman wurin ya jawo yajin ɗalibai na 1944, wanda ya taimaka wajen kafa jam'iyyar NCNC a watan Agustan shekarar. Yau babu otal ɗin, babu bankin, babu cinikin ruwan. Gidan ne ya rage, shi ne kuma dalilin da ya sa ɗan mai shadda irina ya iya tsayawa a titi ya tambayi ko na wane ne.

MU FA, INA NAMU?

Ranar da na je ganin gidan, Baba ne ya aike ni wajen wani ɗan canji a titin Broad. Da na gama, sai na ratsa ta Kakawa. Ina tsaye ina kallon tagogin, sai ga wani bawan Allah ya turo kura cike da jarkoki goma sha biyu, gumi ya jiƙa masa riga. Na ce, "Sannu da aiki, Malam." Ya tsaya ya amsa, muka gaisa, ashe daga wajajen Sakkwato yake. Na tambaye shi inda yake samo ruwan, ya ce a wani gida mai burtsatse yake saye, ya turo ya sayar. Na ce ko ya san sunan gidan nan da muke gabansa? Ya ce a'a. Da na faɗa masa, sai ya yi murmushi ya ce, "To Allah Ya ba mu namu," ya kama kurarsa ya wuce.

Na daɗe ina tunanin wannan haɗuwa. Sana'ar garuwa ta zama tamu a garin nan har Yarbawa sun ari kalmar, kowa "mai ruwa" yake kira. Sana'ar canji ma haka. Wato sana'o'i biyu da suka ɗaga Da Rocha, ruwa da kuɗi, duk muna cikinsu tsundum. Bambancin shi ne rijiyar tasa ce, a cikin gidansa take, mu kuwa jarka ce tamu.

Kuma kada wani ya ce don mun zo a makare ne. Turawa sun karɓi Ikko a 1861. A 1863 John Glover ya tara Hausawa goma sha takwas ya kafa rundunar da ake kira Hausawan Glover, kuma daga wannan runduna sojojin Nijeriya ke ƙirga tarihinsu. Ka ga ke nan akwai Hausawa a garin nan tun kafin Esan ya dawo daga Bahiya. Obalende ta yi suna ne da zaman sojojin Hausawa. Zangon Agege ya bunƙasa da cinikin goro, musamman bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911. Sabon Ibadan an kafa shi a 1916. Shi kansa Alhassan Ɗantata ya bi ta Ikko da goron da yake ɗaukowa ta jirgin ruwa daga ƙasar da ake kira Gana a yau. Amma da Allah Ya buɗa masa, Kano ya koma ya kafa gida, kuma da Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, labarin raƙuma ashirin na kuɗin azurfa da ya kai ajiya sananne ne.

Ba kuma cewa nake kakanninmu ba su san darajar gida ba. Tsarin maigida da dillali da aka yi cinikin shanu da goro da shi a Kurmi, banki ne ba tare da allon suna ba. Bafatake ya sauka a gidan maigida, ya ci ya sha ya kwana, ya ba shi ajiyar kuɗinsa. Maigida ya tsaya wa mahaucin gari a ba shi shanu bashi, in mahauci ya gudu shi zai biya. Wani mai bincike mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan ya rubuta littafi a kan wannan a 1969, ya nuna cewa ƙarfin maigida yana ga gidajen da yake da su na saukar baƙi. Har yau akwai zuriyoyin Hausawa a Agege da Idi-Araba da suke da gidajensu na gado, Allah Ya ƙara musu albarka. To amma nawa ne a cikinmu? Kuma ko waɗannan gidajen, wa ya rubuta shekarar da aka gina su, da sunan wanda ya gina, da fataken da suka sauka a ciki?

ABIN DA BABA YA CE

Da daddare bayan sallar isha'i na kawo wa Baba zancen. Na ce, "Baba, kun fi shekara talatin a garin nan kuna biyan haya. Gidan da kuka gina a ƙauye wata goma sha ɗaya yake yi a kulle, sai Sallah muke buɗe shi. Da kuɗin nan a nan kuka sa shi, da yanzu ba mai ƙara mana haya duk shekara."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai yaro ne. Lokacin rikicin Ketu a 1999 ba ka san komai ba. Na Idi-Araba a 2002 kana goye. Ni na ga mutanen da suka kwana a bariki da kayan jikinsu kawai. Wanda dukiyarsa ke aljihu ya hau mota ya tafi. Gida kuwa ba ya shiga mota. Kuma ka manta an ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi? In na mutu ina za ku kai uwarku?"

Ban iya ba shi amsa a daren ba, kuma har yanzu ban ce bai da gaskiya ba. Ni kaina na ga abin da ya faru a Mile 12 a watan Maris na 2016. Tsoron da iyayenmu ke ji ba ƙirƙirarsa suka yi ba. Da Rocha yana da abubuwan da Baba ba shi da su: yarensa yaren gari ne, ya yi boko tun da wuri, kuma ba wanda zai tashi wata rana ya ce masa ya koma garinsu, domin ba shi da wani garin da ya wuce nan. Haka kuma gini shi kaɗai ba ya hana rushewa. Gidan Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu, shi ma ginin Aguda ne, gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1956, amma aka wayi gari ranar 11 ga Satumban 2016, jajibirin Babbar Sallah, an baje shi ƙasa.

Sai dai akwai abin da Baba bai lissafa ba, wato mu. Shi yana da ƙauyen da ya tashi a ciki, yana da abokan ƙuruciya, yana da gonar gado. Ni in na je can, 'yan uwana "ɗan Ikko" suke kirana, suna dariyar yadda Yarbanci ke suɓuce mini a baki. A nan kuma "aboki" ake ce mini. An ce baƙo raɓa ne, to amma raɓar da ta shekara ɗari da sittin ba ta bushe ba, ya kamata a sake mata suna. Tsarin mulkin ƙasa ya ba kowane ɗan Nijeriya damar mallakar kadara a ko'ina cikin ƙasar. Wanda yake gudun riba kuma, yanzu akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, tun daga Jaiz da ya fara aiki a 2012. Adashin da iyayenmu mata ke yi ma, da za a tsara shi da rubutu da shaidu, ya isa ya sayi fili a Ikorodu ko Sango.

KAMMALAWA

Ba ina cewa kowa ya sayar da gidansa na Arewa ba ne, Allah Ya kiyaye. Abin da nake kira gare shi abu biyu ne, kuma duka ba su fi ƙarfinmu ba. Na farko, matasanmu da aka haifa a nan mu daina lissafin zaman ci-rani a garin da a cikinsa za mu aurar da 'ya'yanmu. Wanda Allah Ya hore wa, ya mallaki wani abu a inda yake neman abincinsa, ko da shago ne, ko da burtsatse ne da 'yan garuwa goma za su haɗa kuɗi su haƙa, kuma ya tabbata takardunsa sun cika, kada ya saya da baki da amana kawai. Na biyu, mu rubuta tarihin gidajen da muke da su tun dattawan da suka san labarin suna raye. Ni na fara. Na sayi littafin rubutu, duk Juma'a bayan masallaci nakan zauna da wani tsoho a Zango in tambaye shi gidajen fatake na da da waɗanda suka gina su. Idan na tara abin kirki zan kawo muku shi a nan, in Allah Ya yarda.

Shi kuwa Baba, bayan kwana biyu da maganarmu, ya kira ni ya buɗe wata tsohuwar akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa. Rasiɗan haya ne a ciki, tun na shekarar da ya zo, a ɗaure da roba shekara-shekara. Ya ce, "Tunda kai mai son lissafi ne, je ka haɗa ka gani. Amma kada ka faɗa mini jimlar." Na haɗa, ban kuma faɗa masa ba. Da na mayar masa da akwatin sai ya ce, "Ni dai nawa ya wuce. In kun tashi yin naku, ku nemi inda ke kusa da masallaci."

Duk wanda aiki ya kai shi titin Broad, ya daure ya ratsa ta Kakawa ya ga gidan nan da idonsa, minti biyar ya isa. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure kuma daga gare ni ne, dattawa su gyara mini. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya jiƙan magabatanmu da suka rasu a Kurmi da waɗanda suka rasu a bayan teku, Ya sa albarka a neman kowa, amin.

Wassalam. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.